Ruwan Yayana a Jarkokinsu

Lokacin da wuta ta kama ɗakin ajiyar shinkafar yayana Alhaji a Aboabo, mutanen unguwa suna layi a burtsatsen da ya haƙa musu kyauta. Da yawansu jarkokinsu cike suke, kuma ruwansa ne a ciki.

Na yi ihu, "Jama'a, ku kawo ruwa don Allah!"

Ba wanda ya motsa. Samari suka ɗaga waya suna ɗauka. Wata tsohuwa da ta goya mu muna yara ta zauna daram a kan jarkarta, ta ce, "Yau dai Alhaji zai san rana na da zafi." Aka kwashe da dariya. Kafin motar kashe gobara ta iso, komai ya zama toka.

Na rantse sai na garƙame famfon nan da kwaɗo, yayana ya hana ni. Washegari, da ƙuna a hannunsa, ya fito ya buɗe musu da kansa.

Tsohuwar ta tara jarkarta, ta ja tsaki, ta dubi ta bayanta.

"Kin gani ko? Har yanzu nuna mana yake yi yana da shi."