Madubin Motar Baba

Har yau mutanen Gashuwa cewa suke Baba bai ga motar Baffa ta kafe a rairayi ba. Ba su san komai ba. Ya gani, ni ce zaune a gefensa.

Ina firamare lokacin. Direbobin a-kori-kura sukan yi tsere zuwa Yusufari ranar kasuwa, kuma ba a taɓa riga Baba isa ba. Ran nan tun a tasha ya rage iskar taya don kada yashi ya riƙe shi. Baffa, ƙaninsa, ya manta.

Na hango shi a madubi yana ɗaga hula, rana tsaka, ba ko inuwa.

"Baba, Baffa ne fa."

Ya sa yatsa ya karkatar da madubin sama. "Wanda ya taka birki a nan, nan zai kwana. Riƙe ƙofa."

Mu muka fara isa, kuma bai koma ba. Baffa ya tattara ya koma Nguru. Yanzu Baba shi kaɗai yake cin tuwo a zaure.

Gobe zan je in ɗauko Baffa, ko yana so ko ba ya so.