Kira Ɗaya na Sankira

"To Baba, kira shi yanzu, ka buɗe muryar wayar kowa ya ji," in ji shugabar ƙungiyar.

Ƙungiyar tana koya wa matan cikin birni shuka kayan miya a buhu, kuma mai nemo mata gudummawa take son ɗauka. Baba kuwa da ya zo neman aikin, ko takardar firamare ba shi da ita, bakinsa kawai ya kawo. Shekara talatin ya yi yana sankiranci, yana wasa attajiran unguwar Koki har hannunsu ya shiga aljihu, kafin masu kiɗan lasifika su ƙwace bukukuwa. Kwana biyu ke nan ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Shi ya sa ya bugi ƙirji a gabansu, ya ce kira ɗaya ga wani Alhaji da ya saba wasawa ya isa a samu gudummawa.

Aka ɗaga. Ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wata ƙungiya ce ta abinci nake..."

Alhaji ya fashe da dariya. "Kai da ƙungiya? Haba, tsoho! In yunwa ce ka faɗa mini kai tsaye, ba sai ka ƙirƙiro ƙarya ba. Zagayo ta ƙofar baya, akwai sauran shinkafar walima. Ka zo da kwano babba."

Shugabar ta sunkuyar da kai, ta ajiye biro. Baba ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji bakin ya riga shi.

"Allah ya ƙara girma, uban marayu! Ga ni nan tafe."