Ƙoƙon Kan da Ruwa Ya Tono a Tabla

"Kada kowa ya taɓa shi!" in ji Mushe Manzo, wato Malam Manzo, malamin kimiyya a wata lakwal ta Filinge. Yana tsugune gaban wani ƙoƙon kai da ruwan sama ya tono a gonarsu ta Tabla.

Ƙanensa Lawali, mai koyar da tarihi, ya leƙo. "Dubi haƙoran. Wanga ɗan'uwan kan mutumin zamanin da ne wanda aka tono a Chadi."

"Kai mi ka sani?" in ji Manzo. "Dubi goshin! Sabon reshe ne cikin zuriyar ɗan Adam. Kakanmu ne, kuma sunana za a sa mishi."

Sati biyu suna musu, har suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Manzo ya buga waya Yamai, masana suka ce suna tafe ran Alhamis. Ya ɗinka sabuwar riga, ya gayyato maigari.

Ana gobe za su zo, tsohuwarsu Inna Basiratu ta ɗaga zanen da aka lulluɓe kan da shi. Ta kwashe da dariya.

"Wanga ai birin da ya addabe mu da ɓarnar gero ne. Ubanku ya kashe shi, ya kafa kan a sanda tsakiyar gona saboda kambun baka."

Manzo ya dafe kai. "Inna, mun riga mun gaya ma duniya kakanmu ne!"

Ta gyara kallabinta.

"To, ku ƙara musu da cewa ta wajen uba ne. Ni dangina suna garin Bonkuku, kowa ya san su."