Sauran Shanun Kwangila

Tun da hantsi Depite Bube Danda yake dukan tebur. Ɗan majalisa ne, kuma shi ne shugaban kwamitin da majalisar ta aiko daga Yamai don binciken wani ƙaramin barikin soji a bayan Korgom. Sojoji uku sun mutu, kuma ba harsashin ƴan tawaye ya kashe su ba. Naman shanu masu ciwon saifa suka ci.

"Yau za ka tuɓe kakin nan, Kumandan!" in ji shi.

Kumandan Laminu ya ce, "Ranka ya daɗe, a Yamai aka sa hannu kan kwangilar. Mai kamfanin ko sunansa ba mu sani ba. Mota ta sauke shanu, aka ce mu karɓa."

"Ƙarya kake! Sakacinka ne."

Ba mai musa wa Bube a wannan yanki. Ɗan ruga ne da kujera ba ta raba shi da daji ba, kuma don haka aka zaɓe shi.

Laminu ya roƙi abu guda: kafin a rubuta rahoto, kwamiti ya leƙa sauran dabbobin. Bube ya ce rana ta yi, Tasawa kuma, inda za su kwana, da nisa. Abokan tafiyarsa suka ce ai dubawa aka aiko su. Dole ya bi su.

Shanu tara suka rage, jajaye masu dogon ƙaho. Kwana ashirin ba sojan da ya iya kusantarsu, har sun tunkuyi biyu. Bube ya tsaya can gefen shinge, ya ja rawani ya rufe baki. Mutumin da ya yini yana tsawa ya yi tsit.

Laminu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Depite, saniya kake tsoro? Ashe Fulatancin a baki ya tsaya."

Aka yi dariya. Bube ya fizge rawanin. "Kai! Ni kake gaya wa haka? Wane ne ubanka a ƙasar nan?"

Shanun suka ɗaga kai daga kwamin ruwa. Babbar cikinsu ta yi kuka, ta taho, sauran na biye, har ta cusa hanci cikin hannun rigarsa tana neman kanwa.

Dariya ta ɗauke. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani, jar saniya ba ta amsa muryar kowa sai ta mai ita.