Dokin Malama Luba

Tsintsiya huɗu masu doguwar sanda Luba ta aro wurin mai sharar makaranta. Ta sa wa kowace safa a ka, ta liƙa mata ido biyu. Dawakai ke nan.

Darasin ranar a kan masu kai wasiƙa bisa doki ne a Amurka ta da, waɗanda ke ratsa daji da hamada cikin kwana goma suna canjin doki tasha-tasha. Abin da ya haɗa 'yan shekara biyar na unguwar Plumstead a London da wannan wahala, Allah kaɗai ya sani, amma yana cikin manhaja.

Tsoro take ji, ba na wasa ba. Wata shida ke nan tana aikin gwaji, kuma yau za a turo mai duba malamai. Rahoton yau ne zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta.

Tara da rabi wata Baturiya ta shigo, ta zauna can baya, ta fito da littafi da biro. Luba ta ce a ranta ga mai dubawar nan, tun daga nan murmushinta bai sauka ba.

Can sai ga wani dattijo a bakin ƙofa yana gama waya: "To, sai na dawo, a gaida yara." Hausa tsantsa. Affan ne kaɗai Bahaushe a ajin, kuma mahaifiyarsa ta yi alkawarin turo babansa ya taimaka.

"Alhaji, sannu da zuwa, ka makara. Cire kwat ɗin."

Ya buɗe baki zai yi magana, amma Luba ta riga ta rataye kwat ɗin a bayan ƙofa, har da katin shaidar da ke maƙale a jikinsa.

Affan ko kallonsa bai yi ba, shi ma bai kira sunan yaron ba. Abin ya burge Luba har ranta. Kunyar ɗan fari a tsakiyar London, ashe da sauran gidajen tarbiyya.

Aka fara. Kowace kusurwa tasha ce, jakar wasiƙu na tafiya hannu zuwa hannu, yara na haniniya. Baturiya na ta rubutu. A tasha ta ƙarshe sandar tsintsiya ta karye, Ihsan mai riƙe da jaka ta ɓare baki za ta yi kuka.

"Alhaji, don Allah ka rufa mini asiri," in ji Luba ƙasa-ƙasa. "Durƙusa."

'Yar gida ta roƙe shi da Allah a gaban baƙuwa, ina zai iya cewa a'a? Ya durƙusa da wandonsa mai guga. Ihsan ta ɗare bayansa, ta kama nakatayal ɗin wuyansa ta mai da shi linzami.

Luba na tafe gefensa tana yi wa Baturiya murmushi, tana yi masa raɗa da Hausa. "Sati biyu muna practice, duk sun haddace amsoshin. Fitinannun ajin guda uku kuwa na tura su library tun da safe. Ita wannan me ta sani? Rubutu kawai."

Dokin ya ci gaba da rarrafe. Ya kai wasiƙa, yara suka nemi ƙari, ya zagaya ajin sau biyar yana haki.

Ana cikin zagaye na shida shugabar makaranta ta shigo. Ta gaida Baturiyar, ɗalibar koyon malanta da ta zo kallo, sannan ta dubi ƙasa, ta yi gyaran murya, ta ce da Turanci:

"Dakta Shamsudeen, rabin awa muna nemanka. Rahoton Malama Luba, a ofishina za ka rubuta shi, ko nan ƙasa ya fi maka?"