Hayaniyar da Na Share

Na rubuta umarni a baƙin allon kwamfutata, na danna, sannan na kunna wa tsohuwar da ta kawo mini aikin.

"Inna, ga muryar marigayi mijinki tas. Na matse ta, na share hayaniyar da ke bayanta."

Daga Turba ta tako har shagona a Isa, a shekara ta uku ta fari, ba ko ɗigon ruwan sama, don kawai in juye mata muryar a sabon memori. Tana saurare fuskarta ta sauya.

"Ɗana, maido ta."

Wanda na gyara ya riga ya danne na asalin a tsohon memorinta, babu wani kwafi.

"Ai hayaniya ce, Inna."

"Ruwan sama ne bisa kwanon ɗakinmu," ta ce. "Jikata za ni kunna ma. Ba ta san ƙararshi ba."