Ranar da Laure Ta Ɗaga Ido

Laure na cikin goge zanen da za ta ɗaura zuwa intabiyu a Kano aka shigo da labari: mota ta kife a hanyar Maigatari, Malam Gudaji ya rasu. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da guga har garwashin ya mutu.

Allah sarki, jiya-jiyan nan da la'asar suna zauren baffanta a Gumel. Shi malamin firamare ya zama mai tambaya, ita mai neman aikin jinya tana durƙushe, kanta a ƙasa.

"Hau kujera, can ba a durƙusawa. Kuma dube ni. In kika sunkuya sai su ce ba ki san komai ba."

Wata uku yana koya mata, ba ta taɓa duban fuskarsa ba. Ta ɗago. Sai ga shi shi ne ya kau da kai.

"Tambayar ƙarshe. In turo magabatana?"

"Har wannan za su tambaya, Malam?"

"Wannan tawa ce."

"To, bari in dawo daga Kano tukuna."

"Ina nan," ya ce.